Yadda na yi horon sanin makamar aiki a shirin sama wa matasa marasa matsuguni gida a Minisota

Tun da na gama shekarar farko ta digiri na biyu a fannin walwalar jama'a a jihar Minisota ta Amurka, 'yan uwa masu shirin zuwa irin karatun nan suke ta aiko min da tambaya kusan iri ɗaya: wai shi horon sanin makamar aikin da makaranta ke tura mutum yaya yake, kuma me ya kamata a tanada? Amsar ba ta ƙarewa a waya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta. Ni an tura ni wata ƙungiya mai zaman kanta a birnin Miniyapolis, wadda ke sama wa matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 wurin zama. Na yi aiki daga Satumbar 2023 zuwa Mayun 2024 a ƙarƙashin ma'aikatan da ke riƙe da fayil ɗin matasan, waɗanda a can ake ce wa kes-manaja. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, balle na wani matashi, domin amana ce.

Abin ya fara ne tun kafin a shiga aji. Hukumar da ke tantance makarantun wannan fanni a Amurka, CSWE, ta shar'anta wa mai digiri na biyu aƙalla awa 900 na aiki a fili, mai digiri na farko kuma awa 400. Yawanci ana raba awannin gida biyu, wuri ɗaya a shekarar farko, wani wurin a ta biyu. Ofishin makaranta mai kula da tura ɗalibai ya aiko min da fom tun ina gida, aka nemi takardar tarihin karatu da aikina, da irin mutanen da nake son yin aiki da su. Na zaɓi matasa. Daga nan suka haɗa ni da ƙungiyoyi, ni kuma na rubuta musu da kaina na nemi ganawa. Kada wani ya ɗauka makaranta ce za ta ɗauke shi ta ajiye a kujera, neman aiki ne sosai, da tambayoyi da jiran amsa. Wata ƙungiya ba ta ko amsa saƙona ba, wata ta ce sai mai lasin tuƙi da mota. Wadda ta ɗauke ni, tambayar da ta fi daɗewa a kai ita ce: me zan yi idan matashi ya zage ni ya buga ƙofa ya fita, washegari ya dawo neman taimako? Na ce zan yi masa sannu da zuwa. Matar da ta zama mai duba aikina ta yi murmushi ta rubuta wani abu. A nan ne kuma na ji ƙarara cewa ba a biyan ko sisi. Ni ce ma ke biyan makaranta kuɗin wannan darasi kamar kowane darasi. Akwai wuraren da ke ba da ɗan alawus, amma kada a gina lissafin haya da abinci a kansa.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi shafar mu baƙi masu bizar ɗalibta ta F-1. Ɗan ƙasa da an ɗauke shi sai ya fara. Mu kuwa sai mun samu izinin aikin horo da ake kira CPT daga ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje na makaranta. A makarantarmu ko aikin ba na albashi ba ne sun ce a nema. Na kai takardar ɗauka daga ƙungiyar mai ɗauke da adireshi, ranar farawa da ta gamawa, da yawan awanni a mako, sannan malamin da ke ba ni shawara ya sa hannu cewa aikin wani ɓangare ne na karatun. Bayan wasu kwanaki aka fito min da sabuwar takardar I-20, wato shaidar ɗalibta da makaranta ke ba baƙo, da sunan ƙungiyar a jiki. Ba a taka wurin aiki kafin ranar da aka rubuta a wannan takarda, ko da kuwa don a gaisa a zauna taron ma'aikata ne. A ƙa'ida sai ɗalibi ya yi shekara guda ta karatu kafin ya cancanci CPT, amma an keɓe masu digiri na biyu waɗanda tsarin karatunsu ya wajabta fara aiki tun zangon farko, kuma a nan muka faɗa. Awa 20 zuwa ƙasa a mako shi ne na rabin lokaci. Wanda ya tara wata 12 yana yin na cikakken lokaci ya rasa damar OPT, wato izinin aikin bayan kammala karatu. Farkon zango ofishin nan cike yake maƙil, saboda haka a kai takardu da wuri. Abokan karatuna sun riga ni farawa, na zauna ina ƙirga awannin da zan rama, raina duk a jagule.

Sai binciken tarihi. Duk wanda zai yi aiki da yara ko masu rauni a irin waɗannan wurare, Ma'aikatar Kula da Jama'a ta jihar ke bincikarsa. Ƙungiyar ce ta shigar da sunana a intanet, aka aiko min da saƙo, na je wani ɗan ofishi da fasfo ɗina aka ɗauki zanen yatsuna da hoto. Ɗaukar ba ta kai minti goma ba, jiran sakamakon ne ya ɗan ja. Kafin ya fito ba a barin mutum shi kaɗai da matashi. An kuma nemi gwajin tarin fuka. Ga wanda aka yi wa rigakafin BCG yana jariri, kamar yawancinmu, gwajin fata kan iya nuna kamar akwai cutar alhali babu, don haka na nemi na jini tun farko a asibitin makaranta. Inshorar kariya daga ƙarar kuskuren aiki makaranta ce ta ɗauke mana, amma a tambaya, domin ba ko'ina ba ne haka. Duk abin da ya fita daga aljihuna a wannan mataki bai kai dala 100 ba. Kuɗin da ya fi ci na a tsawon shekarar shi ne na mota da na kayan sanyi.

Makonnin farko kallo ne da horo. An koya mana sirrin bayanan mutane, yadda ake kwantar da rikici ba tare da taɓa kowa ba, da yadda ake fesa maganin Narcan a hancin wanda ƙwaya ta kayar. An ba ni ɗaya na saka a jaka, gabana na faɗuwa. Aka buɗe min shiga rumbun bayanan da ake kira HMIS, inda yawancin ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya don marasa matsuguni ke shigar da bayanan waɗanda suka taimaka wa. Na kuma rubuta yarjejeniyar koyo da mai duba aikina, inda muka jera abin da zan yi a ƙarƙashin ƙwarewa tara da CSWE ta tsara. Sauran lokacin ina zauren rana, inda matasa ke shigowa su ci abinci, su yi wanka da wanki, su sa waya a caji, su kwanta a kujera. Na fi mako ina miƙa tawul da safa, ina jin kamar ba aikin da na zo koya ba ke nan. Daga baya na gane a nan ake sanin juna. Yaron da ya karɓi safa a hannunka sau biyar ba ka tambaye shi komai ba, shi ne wata rana zai ce ka duba masa wata wasiƙa. Da yake ina sa hijabi, kusan kowa ya ɗauka 'yar Somaliya ce ni, don suna da yawa a birnin, kuma wannan ya sa maganar wurin salla ba ta zama aiki ba.

Abu na farko da ya ɗaure min kai shi ne waye ma marar matsuguni a idon doka. Amsar ba ɗaya ba ce, kuma a kanta kuɗi ke tafiya. Dokar McKinney-Vento ta 1987, a ɓangarenta na makarantu, tana ƙirga yaron da ke raɓe a gidan wani saboda ba shi da inda za shi. Dokar jihar Minisota ta matasa marasa matsuguni ma tana ƙirga ɗan shekara 24 zuwa ƙasa da ke kwana yau a wajen aboki gobe a wajen gwaggo ba tare da an ba shi zama na dindindin ba. Amma HUD, ma'aikatar gidaje ta tarayya, wadda ke riƙe da kaso mai tsoka na kuɗin haya, ta fi ƙuntata abin. Rukuninta na farko shi ne mai kwana a titi, a mota, a kango, ko a masaukin gaggawa. Akwai rukunin wanda zai rasa wurinsa cikin kwana 14, da na mai gudun duka ko cin zarafi, amma shirye-shirye da yawa rukunin farko da na masu gudun cin zarafi kawai suke karɓa. Matasa kuwa yawancinsu raɓe-raɓe suke yi. Binciken cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Chicago na 2017 ya nuna cewa a cikin shekara guda, ɗaya cikin goma na 'yan shekara 18 zuwa 25, da ɗaya cikin talatin na 'yan 13 zuwa 17, kan ɗanɗana rashin matsuguni, kusan mutum miliyan 4.2, kuma da yawansu ta wannan hanyar raɓewa ce. Na zauna da wata yarinya da ke kwana a falon wani mutum da ya girme ta nesa ba kusa ba, kowa ya san abin da ake biya da shi, amma a fom amsar "ina kika kwana jiya" ta nuna tana da rufi a kanta. Mai duba aikina ta koya min kada in tsaya a tambayar fom. In tambaya ko tana jin tsoro a wurin, ko za ta iya fita lokacin da ta so, ko an taɓa yi mata barazana. Amsoshin nan ne suka nuna ta shiga rukunin masu gudun cin zarafi. Ba ƙarya aka yi ba, tambayar da ta dace ce aka yi.

Daga nan sai layin bai-ɗaya. HUD ta wajabta wa kowane yanki ya samu ƙofa guda ta shiga shirye-shiryen gidaje, maimakon mutum ya yi ta yawo ƙungiya-ƙungiya. Ana yi wa matashi tambayoyin tantancewa, a shigar da shi jerin gundumar, mu tamu Hennepin ce, sannan idan gurbi ya buɗe a wata ƙungiya a turo sunan wanda ya fi buƙata. Ba wanda ya riga zuwa ke riga samu ba. Wani zai jira makonni, wani watanni, wani har ya cika shekara 25 ya fita daga sahun matasa bai samu ba. Tambayar da na fi ji a duk zamana ita ce "yaushe zan samu gida?" Ranar farko da aka bar ni in tantance wani da kaina, mai duba aikina ta ja ni gefe ta ce abu ɗaya take roƙo: kada in ce "za ka samu", kada in ce "kwanan nan", kada in ce "kar ka damu". Ga wanda ya tashi inda ake kwantar wa mutum hankali da "in sha Allahu komai zai yi daidai", wannan da wuya. Amma yaran nan manya da yawa sun yi musu alkawari sun saɓa, kuma suna riƙe kalma kamar yadda aka faɗe ta. Abin da na koyi faɗa shi ne: sunanka ya shiga, ban san yaushe ba, ga abin da za mu yi kafin nan, kuma idan lambarka ta canja ka sanar da ni ranar. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Idan suna ya fito aka neme shi aka rasa, gurbin wucewa yake zuwa na gaba. Shi ya sa muke karɓar lambar aboki, adireshin imel, har da shafin Facebook ko Instagram idan ya yarda a rubuce.

"Abin da za mu yi kafin nan" kusan kullum takardu ne, kuma a nan rabin awannina suka tafi. Kusan duk shirin gida yana son katin shaida mai hoto, takardar haihuwa, katin Social Security mai ɗauke da lambar da gwamnatin tarayya ke ba mutum don aiki da haraji, shaidar kuɗin shiga ko rashinsa, da takardar da ke tabbatar da rashin matsuguni. Matsalar ita ce kowace takarda tana neman 'yar uwarta. Katin shaida na neman takardar haihuwa, ofishin takardar haihuwa na neman katin shaida, ofishin Social Security ma na son shaida. Yaron da aka kora daga gida da jaka ɗaya, ko aka sace masa jakar a tashar jirgin ƙasa, ba shi da ko ɗaya. A Minisota takardar haihuwa dala 26 ce, amma tun 2022 matashi marar matsuguni ɗan shekara 24 zuwa ƙasa da aka haifa a jihar yana samunta kyauta, haka ma katin shaida na jiha, idan ma'aikacin ƙungiya ko jami'in makaranta ya tabbatar da halinsa a rubuce. Ba kowane ma'aikacin ofishin ba da takardun ne ya san da wannan ba, don haka na riƙa tafiya da kwafin bayanin a jaka. Wanda aka haifa a wata jihar kuwa sai a bi dokar can, a aika ta gidan waya a jira. Sauya katin Social Security kyauta ne, amma sau uku kawai a shekara, sau goma a rayuwa, kuma na ga ɗan shekara 21 da ya ci fiye da rabin nasa. Saboda haka da zarar takarda ta iso muke ɗaukar hotonta, mu ajiye ta asali a fayil idan mai ita ya amince. Adireshin ƙungiyar ne adireshin yawancinsu, kuma buɗe akwatin wasiƙu da safe ya zama abin da nake ɗoki.

A cikin jiran nan ne kuma ake cike sauran fom: katin abinci na SNAP, inshorar lafiya ta gwamnati, da katin shiga bas da jirgin ƙasa na masu ƙaramin ƙarfi, wanda ke mayar da kuɗin tafiya dala 1. Tambaya guda da ba a tsallakewa ita ce ko matashi ya taɓa zama a riƙon gwamnati, wato hukuma ta ɗauke shi daga iyayensa ta ba wasu riƙo. Wanda ya cika 18 a cikin riƙon yana da inshorar lafiya har shekara 26, yana iya ci gaba da samun tallafin riƙo har 21, kuma yana iya dacewa da takardar tallafin haya ta musamman da HUD ta fito da ita a 2019, mai ɗaukar wata 36. Da yawa ba su san da haka ba, wasu kuma ba sa son ko jin sunan hukumar.

Wajen Nuwamba aka fara ba ni nawa fayil, 'yan kaɗan, a ƙarƙashin ido. Na farko da sunansa ya fito wani saurayi ne mai aiki a wurin sayar da abinci, yana kwana a masauki. Shirin da ya samu shi ne wanda ake kama wa mutum gida a wajen masu haya na gari da sunansa, ƙungiya ta biya kuɗin ajiya da haya a farko, shi kuma kasonsa ya riƙa ƙaruwa, tallafin ba ya wuce wata 24. Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Sai an samu mai gidan da zai yarda da ɗan shekara 19 wanda bai taɓa kama haya ba, ba shi da tarihin biyan bashi, albashinsa bai kai ninkin hayar da suke nema ba. Kowane fom na neman haya da kuɗinsa, waɗanda na gani tsakanin dala 30 zuwa 50, kuma galibi ba a mayarwa idan an ƙi ka. Hayar ma dole ta yi daidai da ƙimar da shirin ya yarda da ita a yankin. Na yi ta kiran masu gidaje har na haddace jawabina: hayarka za ta zo a kan lokaci, akwai ma'aikaci da zai riƙa zuwa, ga lambar da za ka kira idan akwai matsala. Da aka samu wanda ya yarda, sai duba gida. Mai duba gidan ya ƙi amincewa saboda na'urar gano hayaƙi ba ta aiki, taga ɗaya kuma ba ta kulluwa. Muka koma jiran gyara da dawowar mai duba, yaron yana masauki, sanyi ya sauka ƙasa da sifili sosai. Ranar da ya sa hannu, mun karanta yarjejeniyar hayar tare layi-layi, musamman wurin da ya yi maganar baƙi.

Maganar baƙin nan ita ce ke kayar da mutane. Wanda ya yi shekara yana kwana a falon abokai, ranar da ya samu ɗaki ba zai iya rufe musu ƙofa ba, kuma ni a raina ban ga laifinsa ba, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma yarjejeniya ta ƙayyade kwanakin da baƙo zai yi, maƙwabta na kai ƙara, mai gida na rubuto gargaɗi. Idan abin ya kai kotu, sunan yaro ya shiga tarihin waɗanda aka kora daga haya, wannan tabon zai bi shi duk inda ya nemi gida. Daga Janairun 2024 dokar jihar ta wajabta wa mai gida ya ba da sanarwar kwana 14 a rubuce kafin ya kai ƙarar rashin biyan haya, kuma waɗannan kwanaki sun ceci mutane a gabana. Wani lokaci aikinmu shi ne mu roƙi mai gida a rabu da lalama ba tare da kotu ba. Abin da ban zata ba shi ne kaɗaici. Ziyarar farko da na kai wa saurayin nan, na tarar da katifar a naɗe, yana kwana a ƙasa kusa da ƙofa da takalmansa a ƙafa. Ya ce shirun ne ke hana shi barci. Tsarin da ake bi a lokacin, wanda ya samo asali daga aikin wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, a New York a 1992, shi ne a fara ba mutum gida ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya samu aiki ba, sauran gyara ya biyo baya. Da farko abin ya yi min bambaraƙwai. Da na ga yadda ba a iya riƙe aiki ko shan magani a kan lokaci idan ba a san inda za a kwana ba, sai na sauko. Amma mabuɗi kaɗai ba ya riƙe yaro a gida, ziyarar mako-mako ce ke riƙe shi.

Iyaka tsakanin ma'aikaci da matashi ita ce ta fi yi min nauyi. Ba a ba da kuɗin aljihu, ba a ba da lambar waya ta kai, ba a ɗaukar kowa a kai gida ko dare ya yi masauki ya cika, ba a abota a intanet. Wata rana ina ba mahaifiyata labari a waya ta ce, "Ke yanzu 'yar nan, yaro ya ce miki yana jin yunwa ki tsaya cike takarda? Su ba su da dangi ne, ba kawu ba gwaggo?" Na ce, "Mama, akwai abinci a ofis, shi nake ba su. Dangin kuma wasu daga wajensu suka gudo." Ta yi shiru ta ce Allah ya kyauta. Sulhu da iyaye ana yin sa, musamman ga 'yan ƙasa da 18, waɗanda masaukinsu na gaggawa na kuɗin tarayya kwana 21 ne kuma dole a sanar da iyaye ko mai riƙo cikin awa 72. Amma ba a tilasta wa wanda ya balaga a idon doka, kuma ba a kiran kowa nasa sai ya sa hannu a takardar izini. Ya kamata kuma duk mai son wannan aiki ya sani tun yanzu cewa da yawa daga cikin matasan an kore su ne saboda sun ce su masu neman jinsi ɗaya ne ko sun sauya jinsi. Binciken Chapin Hall ya nuna haɗarin rasa matsuguni a wajensu ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Ƙa'idar sana'ar ba ta yarda ka bambanta wajen hidima ba. Ni na riƙe addinina, na kuma cike wa kowa fom ɗinsa da kulawa iri ɗaya. Wanda ya san ba zai iya ba, ya faɗa wa makaranta tun a fom ɗin farko irin wurin da yake so.

Akwai kuma wajibcin kai rahoto. Ɗalibi mai horo ma yana cikin waɗanda doka ta ɗora wa sanar da hukuma idan ya ji ana cutar da yaro ƙarami, a Minisota cikin awa 24 da baki, sannan a rubuce cikin awa 72. Wasu matasanmu suna da jarirai, wasu suna da ƙanne a gidan da suka baro. Saboda haka a zaman farko nake faɗa wa kowa abin da zan iya riƙewa da wanda ba zan iya ba, kafin ya buɗe baki. Rubutun fayil ma da ladabinsa: abin da ka gani da abin da aka faɗa, ba abin da kake zato ba. Ba a rubuta "ya zo a buge", sai dai "yana tangaɗi, maganarsa ba ta fita sosai". Matashi na da damar neman ganin fayil ɗinsa, wata rana kuma kotu na iya nema.

A ƙarshen Janairu na shiga ƙidayar dare ɗaya da HUD ke sa kowane yanki ya yi a kwana goman ƙarshe na watan. Mun zaga tashoshi da wuraren fakewa cikin sanyin da ke sa gashin ido ya daskare. Matasan da na sani da yawa ba su shiga lissafin ba, domin a daren suna falon wani.

Kowane mako ina da awa guda da mai duba aikina, kuma kada a yarda a bar wannan awa ta salwanta don aiki ya yi yawa, haƙƙin ɗalibi ce. A nan na kai mata ranar da wata yarinya da muka gama haɗa wa takardu ta ɓace, waya a kashe, sunanta ya fito ya wuce. Na yi kuka a bas a hanyar gida. Ta ce in rubuta duk ƙoƙarin nemanta da na yi, in bar fayil ɗin a shirye, domin suna dawowa. Ta kuwa dawo wajen bazara, aka sake shigar da ita, wannan karon takardunta na nan.

Ga mai shirin shiga, abin da zan ce ya tanada bai wuce wannan ba. Ya rubuta awanninsa kullum, a sa masa hannu duk mako, don haɗa su a ƙarshen zango tashin hankali ne. Ya tambaya tun a ganawar farko wa zai duba aikinsa, ko yana da digirin da makaranta ta shar'anta, da abin da zai faru idan ya bar aiki a tsakiya, domin ma'aikata a wannan fanni ba sa daɗewa. A zamana mutum biyu sun tafi. Ya tambaya ko ana biyan kuɗin zirga-zirgar ziyara. Ya koyi ma'anonin nan na HUD da na jiha kafin ya zauna da kowa, don su ne za su nuna masa tambayar da zai yi. Kuma ya duba ranar ƙarewar CPT ɗinsa: nawa na zango ɗaya aka ba ni, sai da na sake nema kafin in koma a Janairu.

Rabuwa ma aiki ce da ake tsarawa. Tun saura wata guda aka ce in fara gaya wa kowane matashi ranar tafiyata da sunan wanda zai karɓi fayil ɗinsa, mu zauna mu uku aƙalla sau ɗaya. Wani ya yi fushi ya daina zuwa, wani ya ce dama ya san haka za a yi. Na rubuta wa kowane fayil taƙaitaccen bayani: takardun da ke hannu, waɗanda ake jira, ranar sabunta katin abinci, ranar da kason hayarsa zai ƙaru, da hanyar da aka fi samunsa. Mai duba aikina ta cike takardar tantance ni, muka karanta tare, malamin makaranta ya zo muka yi zaman ƙarshe. Na mayar da mabuɗi da katin shiga, aka rufe min HMIS a ranar. Bayan haka ba a yarda in nemi ɗaya daga cikinsu ba, ko in tambayi tsofaffin abokan aikina inda suka kwana.